Wushiryar da Ba Ni da Ita

Jama'a, kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku bari in kai aya tukuna. Masu cewa boko ce ta ɓata ni, na ji ku. Masu cewa soyayya ce ta rufe min ido, ku ma na ji, kuma ku ne kuka fi kusa da gaskiya.

Sunana Halima Sa'adiya, 'yar Malam Haruna. Ƙauyenmu yana gefen Tsanyawa, irin wurin da gonar wani ke ƙarewa a jikin katangar wani. Ina aji biyu a kwalejin horar da malamai. Zangon da ya wuce aka ɗora mana wani kwas na nazarin hujja a rubuce. Dakta Nana ce ke ɗaukar mu, wata doguwa mai tabarau, wadda ko gaishe ta ka yi sai ka ji kamar za ta tambaye ka inda ka samo labarin cewa ta kwana lafiya. Abin da ta dasa mana a ka shi ne, in kin karanta rubutu, ki fara nemo abin da marubucin ke so ki yarda da shi. Sai ki nemo dalilinsa, ki nemo shaidar da ke riƙe da dalilin. Daga nan ki leƙa ƙarƙashi, ki ga abin da ya ɗauka kin riga kin amince da shi ba tare da ya faɗa ba.

Na dawo hutun damina kamar wadda aka ba sabuwar wuƙa, komai na gani sai na yanka. Mai maganin gargajiya da ke ihu da lasifika a kasuwar Tsanyawa bai tsira ba, mai wa'azin rediyo bai tsira ba. Har Inna ta ce kada in yi shara bayan magariba, wai yana jawo tsiya, na ce,

"Inna, ina hujja?"

Ta ɗaga muciya ta ce, "Ga ta nan. Matso ki karanta."

Tun daga ranar kalmar ta zama abin tsokanata a gidan. Ko ruwa na ce ina so, sai wani ya ce ina hujja.

To, a cikin wannan hali ne maganar Malam Mudassir ta taso. Malamin makaranta ne daga ƙauyen da ke gaba da mu, amma shi ya fi so a ce masa marubuci. Kullum yana Fesbuk yana gyara tarbiyyar al'umma. Ko ana tsakiyar ruwa sai ya sa farar shadda mai guga, ya tattare ƙafar wando yana tsallake taɓo, biro uku a aljihu kowanne da launinsa. In ya zo zance ba ya magana sosai, wai shi harshensa a alƙalaminsa yake. Sai ya koma gida saƙo ya fara sauka. Ni kuma, Allah ya gani, saƙon nan ne ya kama ni. A duk samarin yankinmu babu mai rubuto min abin da ya wuce "slm ykk", sai ga mutum yana sa waƙafi da aya.

Baffa Sama'ilu, ƙanin Baba, shi aka tura bincike kamar yadda aka saba. Ya dawo yana gyara hula, ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ya ce yaro ba shi da makusa, mutum uku ya tambaya.

Ina tsugune ina wanke kwano na ce, "Baffa, su wa da wa?"

"Limaminsu, da mai shayin bakin tasha, da wani malami abokin aikinsa."

"Liman ai kawunsa ne. Shi mai shayin a ina ya san halinsa?"

"A bakin liman ya ji."

"Shi kuma malamin?"

"Yana karanta rubuce-rubucensa a waya."

"To Baffa, ashe kawunsa ka tambaya sau biyu, ka tambaye shi kansa sau ɗaya."

Baffa ya kalli Baba ya ce, "Yaya, ka ji abin da kake biya wa makaranta." Inna ta wurgo min harara daga madafi. Kada ku ɗauka wai shakkar Mudassir nake yi. Ko kaɗan. Iyawa kawai nake nunawa, don ni na riga na gama yanke hukunci tun kafin Baffa ya hau babur.

Baba mutum ne mai sanyi, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa ba ya kiran sunana. Ya ce, "Mamana, ni ba zan yi miki dole ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci manyansa za su zo a sa rana. In kina da magana ki faɗe ta kafin nan. In kika yi shiru, shirun zan ɗauka amsa."

Na sunkuyar da kai ina zane ƙasa da babban yatsan ƙafa. Inna ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa, don tun da sa'o'ina suka fara goyo take cewa kunnenta ya gaji da tambayar matan unguwa.

A makon ne Dakta Nana ta turo mana jinga a guruf ɗin aji. Kowa ya nemo rubutun da ke ƙoƙarin shawo kan mai karatu, ba daga littafi ba, daga rayuwar yau da kullum, ya feɗe shi a shafi biyu, ya tura mata ta waya. Wasu suka ɗauki takardar 'yan siyasa, wasu tallar sabulu. Ni kuwa na ce ina da zinariya a wayata, me zai kai ni nema? Ga saƙon, yadda ya zo min:

"Gimbiyata, ban rubuto da son zuciya ba, na zo ne da hujjoji uku waɗanda ko masana ba za su iya turewa ba. Na farko, bincike ya tabbatar da cewa kashi casa'in cikin ɗari na matan da suka auri marubuta suna cikin kwanciyar hankali. Na biyu, duk garin nan an shaida babu saurayi kamata, mai musu kuwa hassada ce ke cin sa. Na uku, tun ranar da kika yi dariya a wurin injin niƙa na ga wushiryarki, na daina gane ɗanɗanon abinci. Saboda haka zaɓi biyu ne a gabanki, ko ni, ko nadama."

Na san kuna dariya. Ku yi, kun samu. Ni a lokacin na karanta shi ya fi a ƙirga, kowane karatu sai na rungume filo.

Na zauna a kan tabarma na rubuta nazarina. Na ce marubucin ya kafa hujjarsa da alƙaluma, abin da ke nuna zurfin ilimi. Na ce ya kawo shaidar jama'a. Na ce rufewarsa tana da ƙarfi, ba ta bar wa mai karatu wurin zillewa ba. Wuri ɗaya ne alƙalamina ya ɗan tsaya, wato wushirya. Jama'a, ni haƙorana a haɗe suke kamar ƙwayar masara a jikin totuwa. Na ɗauko madubin Inna mai tsagewa a gefe, na yage baki, na juya hagu, na juya dama. Na karyo tsinken tsintsiya na tura tsakanin haƙoran gaba. Da ƙyar ya shiga, har da ɗan jini, amma dai ya shiga. Injin niƙa kuma, ai na taɓa wucewa ta gabansa. Sai na rubuta cewa wannan ya nuna marubucin mutum ne mai lura da abin da sauran mutane ba sa gani.

Ranar da na tura jingar Aina'u ke yi min kitso. 'Yar Baffa Sama'ilu ce, gidanmu da nasu zana ce kawai a tsakani. Ta gama sakandare ta zauna, ita ke kai niƙan gidajen biyu, ita ke kitson kowa. Yarinya ce mai dariyar da ake ji daga rijiya, amma wannan hutun na same ta shiru-shiru. Na ce a raina kewata ce ta fara kama ta tun kafin a kai ni.

"Aina'u, in karanta miki abin da ya turo min?"

"A'a Yaya, bar shi. Tsakaninku ne."

"Ke dai ki ji ɗanɗano."

"Yaya, ki daina motsi, tsagar za ta karkace." Ta ja gashin da ƙarfin da sai da na ce wash.

Ban karanta mata ba. Ban ma taɓa nuna wa kowa a gidan ba, wace yarinya ce za ta nuna irin wannan?

Ranar Alhamis da hantsi wayata ta yi ƙara. Dakta Nana. A gidanmu sabis wuri ɗaya yake zama, bayan rumbu, kusa da turken awaki. Na ruga na jingina da rumbun, wata akuya tana cin bakin zanina.

"Halima Haruna?"

"Na'am, Ma. Ina kwana, Ma."

"Riƙe gaisuwarki. Na haɗa ki a layi da Zakiyya Abdussalam. Zakiyya, kina ji?"

Wata murya ta ce tana ji. Na san ta sama-sama, 'yar Dawakin Tofa ce, a bayan aji take zama tana cin gyaɗa.

"Rubutu ɗaya kuka kawo min, harafi da harafi, kuma kowacce ta ce ita aka turo wa. Kun san hukuncin satar aiki. Wace ce ta kwafi wata?"

Na fara rantsuwa, Zakiyya ma ta fara, muryoyinmu suna hawa kan juna. Dakta ta ce rantsuwa ba shaida ba ce, kowacce ta ɗauki hoton saƙon da lambar wanda ya turo, ta aiko yanzu. Muka aika. Na janye zanina daga bakin akuyar.

Can ta ce, "Lamba ɗaya ce. Na Zakiyya ya riga zuwa." Sai na ji wani sauti kamar tari, wanda daga baya na gane dariya ce take dannewa. "To, babu ɓarauniya a cikinku. Amma Halima, saurari abin da 'yar'uwarki ta rubuta."

Ta fara karantawa. Zakiyya ta tambaya wane bincike ne, wa ya yi shi, a ina, matan marubuta nawa aka tambaya, kuma mazan suna tsaye a wurin lokacin da ake tambayar? Ta ce "duk garin nan" ba sunan kowa ba ne. Ta ce wanda ya kira mai musu mahassadi tun kafin a yi musun, tsoron tambaya yake yi. Ta ce tsakanin shi da nadama akwai maza da yawa, akwai kuma zaman lafiya a ɗakin uwa. Ta rufe da cewa abin da marubucin ya dogara da shi bai faɗa ba shi ne kunya, ya san babu yarinyar da za ta nuna wa wata.

"Na ba ta maki mai kyau," in ji Dakta. "Ke kuma kin ce hujja ce mai ƙarfi. Halima, ba ke ce kika miƙe a aji kika yi kaca-kaca da sharhin jarida har ana tafa miki ba? Me ya same ki?"

"Ma, ni dai..."

"Kin so ya zama gaskiya, shi ke nan. Abin da kike so ya zama gaskiya, shi za ki fi tsananta wa tambaya, don shi ne zai shige ki ba sallama. Ki sake aikin ki turo min." Ta sauka daga layin ta bar mu.

Saura ni da Zakiyya. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Ita ta fara magana.

"Ƙawata, kar ki damu, ni tun a kashi casa'in ɗin nan na sallame shi. Amma gaskiya ya iya yabo. Allah ya bar miki wushiryarki."

"Wace wushirya? Ai taki ce, ke ya fara turo wa."

"Ni? Wallahi ko iska ba ta wucewa ta haƙorana. Kuma rabona da injin niƙa tun ina firamare. Na ɗauka ke ce mai ita."

"Ba ni da ita."

"Taɓɗi," in ji Zakiyya. "Ashe mu duka kwafi ne. Akwai asali a wani wuri."

Nan take na rubuta wa Mudassir. Ban yi zagi ba, tambaya na yi, kamar yadda aka koya min. Wane bincike ne ya ce kashi casa'in? Kuma a ina ya ga wushirya a bakina? Amsa ta zo da sauri, doguwa kamar huɗuba. Ya ce da ma ya lura boko ta fara taɓa min tarbiyya. Ya ce ita malamar da ke koya mana wannan, tana da aure kuwa? Ya ce wushirya a wurin marubuta alama ce ta hasken zuciya, ba lallai sai an gan ta a baki ba, amma wannan sai masu zurfin adabi. Sunan binciken dai har yau ina jira.

Na zauna a bayan rumbu na yi kuka, kuka na gaske, mai majina. Kada wani ya ce min ai na tsira. Na san na tsira, amma ciwo ciwo ne. Ina son sa, ko in ce ina son yarinyar nan da ke cikin saƙon, wadda dariyarta ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Na ɗauka ni ce.

Juma'a da safe gidanmu ya kaure da hidima. An yanka zakaru biyu, ƙullin waina ya tashi, Inna ta ɗaura sabuwar atamfarta mai ganyen kore tun kafin baƙi su taso. Baba da Baffa suna gindin darbejiya suna shawarar watan da ya dace, bayan an yi girbin gero. Na sa hijabina na je na durƙusa a gefen tabarma.

"Baba, ina da magana."

"Ina jin ki, Mamana."

"Na fasa."

Inna ta fito daga madafi da ludayi a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya a kaina, ta riƙe ƙugu, fuskarta har wani haske take yi, kamar wadda ta daɗe tana jiran wannan rana.

"Ina hujja?"

Na ciro waya. Na ba su labarin jinga da Zakiyya a taƙaice, na nuna hotuna biyu, lamba ɗaya. Baffa ya ce shi ba ya gane ƙananan rubutu, in karanta da baki. Karanta saƙon saurayi a gaban uba, jama'a, ban yi wa maƙiyina fata ba. Na runtse ido ɗaya na fara. Daidai nan Aina'u ta shigo ta ƙofar zana da ƙwaryar fura ta baƙi, ta tsaya tana jiran in gama ta wuce.

Na karanta na farko, Baba ya yi gyaran murya. Na karanta na biyu, Baffa ya ce ai haka liman ya faɗa. Na ɗago kai in ja numfashi kafin na uku, sai idona ya sauka a kan Aina'u. Leɓɓanta suna motsi. Ba addu'a take yi ba. Ban kai ga "tun ranar da kika yi dariya" ba, ita har ta wuce injin niƙa. Kalma bayan kalma tana gabana, ba sauti, idonta a kan fura. Saƙon da ban taɓa karanta mata ba.

Sai a lokacin na tuna rabon da in ga haƙoran Aina'u tun kafin in dawo hutu. Ta daina dariya, shi ya sa na manta da wushiryarta. Ni da na gano kawun Mudassir a cikin mai shayi, na kasa ganin abin da ke zaune a bayana yana yi min kitso.

Na ƙarasa karatun da muryar da ba tawa ba. Inna ta kama haɓata ta ce in buɗe baki. Na buɗe. Ta leƙa kamar mai sayen tunkiya.

"Ni na haife ta, Malam. Ko zare ba ya shiga."

Baba ya juya wajen Baffa. Sannan ya ce, "Sama'ilu, hau babur ka tare su tun ba su taso ba. Ka ce mun gode, kada su wahalar da kansu."

Baffa ya miƙe yana huci, kunya ta koma masa fushi, don bincikensa ne ya zube a gaban mata. Ya kaɗe riga ya juyo kaina.

"To ke mai hujja, tunda kin fi kowa iya bincike, ƙarasa aikinki. Wace ce mai wushiryar? Faɗa min 'yar gidan wa ce take tsayawa tana yage wa samari baki a wurin niƙa, in je har gida in gaya wa ubanta irin tarbiyyar da ya yi."

Ina da komai. Ina da wushirya, ina da injin niƙa, ina da leɓɓan da suka haddace. Da jinga ce, Dakta Nana sai ta miƙe tsaye ta tafa min. Na kalli Aina'u. Ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta. Ita ce kaɗai a cikinmu da aka rubuta wa saƙon nan da gaske. Ta zauna ta yi shiru tana kallo ana shirin sa min rana da shi, tana kuma tsaga min kitso.

Na ce, "Ba ni da hujja, Baffa."

Ya yi tsaki ya fita yana neman makullin babur. Inna ta dube ni, ta dubi inda na duba. Ta taka a hankali ta karɓi ƙwaryar daga hannun Aina'u, ta tsaya tsakaninta da Baba yadda ba zai ga fuskarta ba.

"Shiga ɗakina ki wanke ido, 'yar nan. Hayaƙin madafi ne ya cika miki su."

Aina'u ko kusa da madafi ba ta je ba, wutar ma ta daɗe da zama garwashi. Na buɗe baki, na tuna, na rufe. Ban tambayi Inna hujja ba.